Jirgi Mai Cin Mutum Goma

Shekara talatin da ɗoriya ina zaune a bakin tafkin nan namu na arewacin Minnesota, amma duk abin da na sani game da ɗaya gefensa a bakin mutane na ji. An ce akwai wani tudun yashi a can inda ruwa ba ya wuce gwiwa, jirage su taru ranar Lahadi, yara su yi ta facaka. An ce da kyau. Ni dai abin da na sani shi ne dandamalin katakon da muke ɗaure jirgi, da kujerar robar da ta saba da bayana, da kular abinci.

Ba wanda ya taɓa ce mini kada in je. Da fari goyo ne ya riƙe ni. Daga baya uwar mijina ta tsufa, ba a barinta ita kaɗai. Bayan ta rasu kuma babu wani dalili, sai dai tsohon jirginmu mutum takwas yake ci, mu kuwa kullum ƙaruwa muke. Kowane jirgi yana da wani ɗan allon ƙarfe rawaya kusa da sitiyari mai faɗin yawan mutanen da zai ɗauka, mijina Vern kuwa ya fi jin maganar allon nan fiye da ta likitansa. Sai ya ƙwanƙwasa shi da yatsa ya ce, "Allo ya ce takwas, Arlene. Ba ni na ce ba." Idan na ga idanu sun dawo kaina, sai in ce su je, dama dankalin bai dahu ba.

Ƙarshen bazarar bara injin tsohon jirgin ya yi tari biyu ya mutu, ban kuwa yi masa kuka ba. Vern da ƙaninsa Duane, wanda suke tarayyar jirgin, suka yanke shawarar sayen sabo, irin mai faɗin daɓen nan da kujeru zagaye. Tun tafki yana daskare suka fara. Duk lokacin sanyi teburin cin abincina bai huta da hotunan jirage ba, in ɗaga gishiri in ga inji, in ɗaga burodi in ga farfela. Da ƙyar suka tsaya a kan guda biyu da kuɗinsu kusan ɗaya. Akwai ja, siriri, mai ƙaton inji, yana cin mutum goma. Akwai fari, mai faɗi da rumfa, ba ya gudu sosai, yana cin sha biyu.

"Bana kowa zai shiga lokaci ɗaya," in ji Vern. "An gama zancen wasu su je wasu su jira."

Na ji maganar har cikin raina. Washegari na shiga gari na sayi malafa mai igiya a haɓa, irin wadda iska ba ta ɗaukewa, na ɓoye ta a bayan tawul kamar yarinya.

Da ƙanƙara ta narke muka je wurin mai sayar da jiragen, wani mai fara'a da ake kira Gordy. Mu huɗu ne, ni da Vern, da Duane da matarsa Connie. Mazan suka hau jan jirgin suna shafa shi, ni ina ƙasa riƙe da rigar sanyin Vern da kofinsa.

Connie ta ce, "Ni fa farin nan ya fi mini. Ko ba komai akwai inuwa."

"Inuwa kike so ki zauna a gida," in ji Duane. "Wannan farin ai falo ne aka sa wa inji. Ka ɗaura masa tayar roba ka ja yara a kanta cikin ruwa, barci za su yi."

"Kai da bayanka ke ciwo in mota ta faɗa rami, kai ne mai son gudu?"

"Bayan nawa ne ko naki?"

Gordy ya bar su suka gaji, sannan ya tambaya mu nawa ne a gidan. Vern ya ɗaga hannu ya fara lanƙwasa yatsu. Shi, da Duane, da Connie. 'Yarmu Janelle da mijinta da 'ya'yansu uku. Ɗanmu Troy. Ya ɗan tsaya da yatsa ɗaya a miƙe, ni kuma na gyara tsayuwa.

"Sai yarinyar nan ta Troy, wa take da suna? Shelby. Goma cif. Ka ga kamar don mu aka ƙera shi."

Shelby ɗin nan sau biyu ta taɓa cin abinci a gidana. Yarinyar kirki ce, ba ni da matsala da ita, amma ko sunanta bai zauna a bakinsa ba ta samu yatsa, ni da rabin mutanen da ya ƙirga 'ya'yana ne da jikokina ban samu ba.

Gordy ya dube ni. "Ita uwargida fa?"

"Arlene? Ai ba ta son ruwa."

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

"To, ban taɓa ganin kin shiga ba."

Na dubi Connie, ita kuma ta duƙufa tana duba wurin ajiye kofi a jikin kujera. Na ce, "Farin dai yana cin sha biyu."

"Kujeru biyu a banza," in ji Vern. "Mu riƙa jan iska muna ƙona mai?"

A mota na sake gwadawa, don kada a ce ban buɗe baki ba. Na ce ya sake ƙirga mutanen gidansa. Ya ce ai na san abin da yake nufi, kuma in har ina so, wata rana da yamma sai ya zaga da ni. Wata ranar nan tun Janelle tana rarrafe nake jin labarinta. Suka sayi jan.

Lahadin farko da aka saka shi a ruwa, na tashi na wanke dankali na ɗora a wuta. Ban yanka albasa ba, ban cika kula ba, ban bare masara ba. Na ɗauko malafata na ɗaure igiyar, na sa rigar kariya daga nutsewa, na gangara tun suna neman takalman yara. Na shiga jirgin na zauna a kujerar da ke kusa da sitiyari, daidai gaban allon. Jirgin yana rawa a ƙarƙashina kuma ban san inda ake riƙewa ba, amma na zauna.

Suka gangaro da hayaniyarsu. Jikokina suka yi ta murna wai Kaka za ta je. Janelle ta kalle ni, ta kalli malafar, ta wuce ta tayar da injin, don tun tana ƙarama ubanta ya koya mata tuƙi. Kowa ya samu wuri. Vern, kamar yadda ya saba, shi ne na ƙarshe, yana kwance igiya yana ba da umarnin da ba wanda ya nema. Ya ɗora ƙafa ɗaya a bakin jirgin.

Na ce, "Vern, ƙirga."

"Me zan ƙirga?"

"Mutane. Ai ka iya."

Ya ƙirga, leɓensa yana motsi. Ya sake ƙirgawa daga ɗaya gefen, ko lissafin zai canja ra'ayi. Shelby, baiwar Allah, ta fara tattara jakarta za ta miƙe.

Na ce, "Zauna, 'yata. Ke an ƙirga ki."

Vern ya dubi ƙaninsa. Duane ya ga wani abu mai ban sha'awa a farcen ƙafarsa.

"Haba, Arlene. Mutum ɗaya ne fa. Yaran nan uku ai ba su kai nauyin babba ɗaya ba."

Na miƙa yatsa na ƙwanƙwasa ƙarfen sau biyu, yadda yake yi. "Allo ya ce goma. Ba ni na ce ba."

Da wani ne da ya yi tsalle ya shigo a wuce wurin, amma Vern ya shekara talatin yana wa'azin allon nan a gaban 'ya'yansa, ga su kuma duk sun zuba masa ido. Ya janye ƙafarsa a hankali.

"To ni me zan yi a nan?"

"Dankali yana kan wuta. In cokali mai yatsu ya shige, ya dahu. Albasa tana cikin kwando."

"Baba, jefo igiyar," in ji Janelle.

Ya jefo. Jirgin ya ja da baya, ya juya, Janelle ta ba shi wuta, iska ta bugi fuskata har hawaye suka fito. Gudun kam akwai shi, wannan na ba Duane gaskiya. Malafar ma ba ta tashi ba.

Na yi niyyar ba zan waiga ba, amma na waiga. Duk shekarun nan ina ba su uzuri a raina, ina cewa da zarar jirgi ya yi nisa mutumin da ke kan dandamali ɓacewa yake, shi ya sa suke mantawa. Ashe ba haka ba ne. Har muka kai tsakiyar tafki ina ganin Vern sarai, da jar hularsa, da hannuwansa a sake, tsaye kusa da kujerar roba bai zauna ba. Haka suke ganina kowace Lahadi.

Janelle ta rage gudu ta ce, "Mama, mu koma mu ɗauko shi? Ni sai in sauka."

Na juyo na fuskanci gaba. "Nuna mini tudun yashin nan tukuna."