Rumfar Tsoho Mou

Kujerar ta maƙale a kwanar farko ta matakala, daidai ƙofar Ran Defen. Maza huɗu ne suka tallabo ta, biyu gaba biyu baya. Tsoho Mou na zaune a kai da bargon asibiti a gwiwa, yana ba su umarni kamar har yanzu shi ke riƙe da sitiyarin bas ɗin da ya tuƙa shekara talatin.

"Ku karya hagu. Hagu na ce. Wanda ya zana wannan matakalar bai taɓa ɗaukar ko buhun shinkafa ba a rayuwarsa."

"Goggo Ran, buɗe mana ƙofarki mu ɗan ja da baya," in ji ɗansa Jian, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Defen ta wangale ƙofar. Na baya suka shigo mata har tsakar ɗaki, kujerar ta juya, aka ɗauki hanyar hawa na shida. Kowa a ginin ya san dalilin da ya sa asibiti ya sallamo shi: babu sauran abin yi. Babu wanda ya ƙara ce mata uffan, babu wanda ya kalle ta, kuma wannan ya fi mata zagi ciwo.

Shekara biyu ke nan takardar neman izinin kafa lifta, na'urar hawa bene, na yawo a ginin. Gida goma sha biyu ne, sha ɗaya sun dangwala yatsa da jar tawada, saura ita. Kwamitin unguwa kuwa ya ce ba za a haƙa ko rami ba sai mai hawan ƙasa ta yarda, don a waje za a kafa liftar, daidai gaban tagarta ta kudu. A nan take shanya barkono, a nan take gasa bayanta da hunturu. Ga shi Chongqing gari ne da rana ke leƙowa kamar baƙuwa mai sauri.

Amma ba ranar kaɗai ba ce, in za a faɗi gaskiya. Defen mace ce mai riƙo. An rushe kasuwar bakin kogi an ɗora gadar sama, ba a tambaye ta ba. An mayar da tashar bas tsallaken titi mai layi takwas, ba a tambaye ta ba. An sare bishiyoyin da ta girma a inuwarsu, sai da safe ta ga kututture. Sau ɗaya tak a shekara saba'in da ɗaya garin nan ya zo ƙofarta da takarda yana neman izini, ita kuwa ta ce a'a, kuma ta ji daɗin faɗa.

A rana ta uku ta dama kunun shinkafa ta zuba a kula, ta kama ƙarfen matakala. A hawa na biyu ta tsaya. A na huɗu ta zauna a kan tsani tana haki, kunya ta rufe ta, don abin da take ta gudun tunawa ya cim mata a nan. Lokacin da masaƙa ta raba wa ma'aikatanta gidajen nan, ƙuri'a aka jefa. Mijinta, wanda inji ya riga ya lalata wa ƙafa, ya ɗauko hawa na shida. Matar Mou, Pu Guilan, ita ma masaƙiya, ta ɗauko hawan ƙasa. Mou ya karɓi takardar daga hannun matarsa ya musanya da ta mijin Defen, ya ce shi mutum ne mai son iska. Shekara talatin da takwas, ko sau ɗaya bai taɓa goranta mata ba, har a shekara biyun nan da ake rigima.

Guilan ce ta buɗe, tana dogara sanda. Tun sabuwar shekarar bara gwiwoyinta suka hana ta sauka.

"Yaya Ran, da ƙafarki?"

"A'a, da fiffike. Matsa in zauna kafin in riga mijinki."

An jawo gadon Tsoho Mou jikin taga. Ya rame har agogonsa na yawo a hannu, amma bakin na nan.

"Zo ki ga garinki, sarauniyar hawan ƙasa. Ke daga ƙasa ƙafafun mutane kawai kike gani."

Ta leƙa. Rabonta da tagar nan ya fi shekara goma. Inda da gonakin kabeji suke, dogayen benaye ne jere har gindin tsauni. Jirgin cikin gari ya fito daga bayan wani gini a kan dogayen ginshiƙai, ya ratsa kogi, ya shige cikin dutse.

"Kin ga wancan? Daga nan zuwa tsallake, da awa ɗaya da rabi nake yi da bas, fasinjoji na zagin uwata. Yanzu minti goma sha biyu. Wanda ya yi wannan ya iya aiki. Amma dubi gadar masu ƙafa can. Tsani sittin da huɗu, babu gangara. Wanda ya yi ta ba shi da kaka."

"Kai dai ba a taɓa yi maka daidai ba."

"Ana yi, ana ɓatawa, ana gyarawa. Garin nan yaro ne ɗan sha huɗu, kowane wata wando ya yi masa kaɗan. Ba ka fushi da shi, ƙara masa tsawo kake yi."

Guilan ta shiga kicin da kular. Defen ta sunkuyar da kai ta ce, a hankali, in yana so, za ta kira Dai, jami'ar kwamitin unguwa, ta kawo takardar.

"Don ni? Kada ki soma. Ni sauka ɗaya ta rage mini, kuma ba ni zan ji nauyinta ba." Ya yi tari ya huta. "In kika dangwala don tausayi, duk hunturu sai kin tsine mini, ni kuwa ina son in kwanta lafiya. Liftar za ta tare miki rana, Defen. Duk wanda ya ce miki ba haka ba, ƙarya yake. Wata shida ina kallon inuwar ginin nan ina auna ta. Daga safe har ƙarfe ɗaya ba ki da rana. Bayan nan ta dawo."

"Wa ya aike ka?"

"Zaman banza." Ya kalli ƙofar kicin ya rage murya. "Waccan ce damuwata. Jian ba zai bar ta a nan sama ita kaɗai ba, kuma yana da gaskiya. Zai kai ta gidansa a sabuwar unguwa, ƙarshen layin jirgi, hawa na ashirin da takwas. Akwai lifta har biyu. Babu wanda ya san sunanta."

"Ina jin ku," in ji Guilan daga kicin. "Ni ba kwandon albasa ba ce da za a rataye ni inda aka ga dama."

Defen ta sauko ba ta kira Dai ba. Ta kwana tara tana jin haushinsa da na kanta. A safiya ta goma, wajen ƙarfe tara, ta ji takun Jian yana saukowa a hankali, ba irin saukarsa ba. Ta ajiye wuƙar da take yanka kabeji, ta zauna, ta yi kuka sosai. Ta san Tsoho Mou ya cika, ta yi kewarsa tun kafin a sauko da shi.

Kafin tsakar rana masu kafa rumfar makoki sun iso da ƙarafa da shuɗiyar tamfol. Tsakar gidan na da faɗi, akwai fili ta wajen rumfar kekuna, amma sai suka zo suka dasa ta dab da tagarta, suka ɗaga ta sama fiye da yadda aka saba. Ɗakinta ya yi duhu nan take. Ta fito da niyyar faɗa, sai ta ga an sauko da Guilan a kujerar nan, an zaunar da ita gefen hoton mijinta.

"Kada ki ga laifinsu," in ji Guilan. "Shi ya bar wa Jian awo a takarda, tsawo da faɗi. Ya ce nan liftar za ta tsaya. Ya ce ki ɗanɗana kwana uku, in bai yi miki ba, ba dole."

Defen ta kalli hoton. Yana sanye da hular direbobi, yana murmushin mutumin da ya ci wasa.

"Tsohon banza," ta ce. "Har a mace sai ya yi wa mutane tsarin gari."

Kwana uku ana zaman makoki yadda aka saba, turare na tashi, teburan majan huɗu, wasan caca da ƙwayoyi, na ƙara, ana shan shayi ana ɓare gyaɗa, ana musu. Wani ya ce sabuwar tashar jirgi za ta kawo musu hayaniya da ɓarayi. Wata ta ce ita dai jikarta za ta daina tashi da asuba don zuwa makaranta, a kawo ɓarayin. Mai gyaran takalma ya ce a fara gyara magudanar da ke ambaliya duk damina kafin a yi zancen jirgi. Duk wanda ya ƙure sai ya ce, "Da Tsoho Mou na nan da ya raba mu," alhali kowa ya san da yana nan shi zai fi kowa hura wutar.

Defen ba musun take saurare ba. Guilan take kallo. Matar da ta shekara a sama kamar tsuntsu a keji, ga ta mata sun kewaye ta, ana riƙe mata hannu, ana nuna mata jikokin da aka haifa ba ta gani ba. Ta yi kuka, ta ci abinci, a rana ta biyu har ta zauna teburin majan ta cinye mai gyaran takalma, ta kuma yi masa dariya.

Ɗakin Defen kuwa, gani ya kori ji. Duhu ne na gaske. Da safe sai ta kunna fitila kafin ta ga zaren allura, sanyin siminti na shigar mata ƙafa. Ba ta ji daɗinsa ba ko kaɗan. Amma kowace rana takan sami dalilin shiga ɗaki bayan abincin rana, ta tsaya tana kallon agogo. Ƙarfe ɗaya da minti goma haske ke zamewa ta gefen tamfol ya hau teburinta, ya zauna har yamma.

A rana ta uku aka dawo daga wurin ƙona gawa, masu rumfa suka fara kwance ƙarafa. Jian ya jawo kujerar, maza uku suka naɗe hannun riga.

"Mama, mu hau. Mako mai zuwa zan zo da mota mu kwashe kaya."

Guilan ta ɗaga kai ta kalli tagar hawa na shida, ta kalli matan da ke tsaye. Ta fara lalubar sandarta.

"Dakata," in ji Defen. "Dai, takardar nan na jakarki?"

Dai ta kwamiti ta shekara biyu tana yawo da ita har ta yi laushi a ninki. Ta shimfiɗa ta a kan teburin majan, ta buɗe gwangwanin jar tawada, tana ɗari-ɗari kamar mai tsoron kada tsuntsu ya tashi.

"Goggo Ran, kin tabbata? Ba wanda ya matsa miki."

"An matsa mini, kuma wanda ya matsa ɗin ya gudu inda ba zan iya rama ba. Ya yi kuskuren minti goma, ki rubuta wannan ma." Ta danna babban yatsa a tawadar, ta dangwala a layi na goma sha biyu. "Kuma ku gaya wa masu ginin su sa gangara a ƙofarta, ba tsani ba. Wata nawa aikin zai ɗauka?"

"Biyar, in an yi sauri."

Defen ta juya ga Jian. "Mayar da kujerar nan. Gadon mijina na nan babu kowa a kai. Uwarka za ta zauna wurina har a gama. Ka hau ka sauko mata da magungunanta da bargo."

"Goggo, wata biyar fa."

"Na iya lissafi, yaro."

"Ina minshari, Yaya Ran," in ji Guilan.

"Ni kuma kunnena ɗaya ya mutu. Taso."

Tsani uku ne daga tsakar gida zuwa ƙofar Defen. Guilan ta hau su da ƙafarta, hannu ɗaya a sanda, ɗaya a kafaɗar Defen. Aka gama yaye tamfol, hasken yamma ya cika ɗakin. Defen ta ɗumama shinkafa da kabeji, ta ɗauko kwano na biyu daga can ƙuryar kabad ta ɗauraye, ta zuba ta tura gaban Guilan. A gefen farin kwanon sai ga jan shatin yatsa. Guilan ta gani, ba ta goge ba. Ta tallabi kwanon da hannu biyu ta fara ci.