Guguwa a Cikin Duro

Wata uku ke nan Baba bai taka cikin shagonsa ba. Likita ya ce garin katako ya cika masa ƙirji, Inna kuwa ta ɗauki maganar ta mayar da ita doka. Kullum da safe sai ya ja benci ya zauna a bakin ƙofa, ta waje, yana kallon ɗansa Dogo yana aiki. Shekara arba'in yana kafinta. Yanzu sana'arsa amsa gaisuwar masu wucewa.

Dogo ba mai yawan magana ba ne, amma abin yana cin sa. Tarin Baba ya ragu. Baban ma ya ragu.

Sai ya sa maƙwabcinsu Mai Walda ya naɗe masa kwano kamar ƙaton mazurari. Ya kafa shi a kan murfin wani duron roba. Tiyo ɗaya ya taso daga bakin injin zarto ya shiga ta gefen mazurarin, wani ya fita ta samansa zuwa injin zuƙar iska.

Ranar gwaji Inna ta zo da kanta.

"Iska za ta shiga ta gefe, ta yi ta juyi kamar guguwa," in ji Dogo. "Garin katako ya fi ta nauyi. Zai bi bango ya gangara cikin duro."

"Ni ban san guguwa ba," in ji Inna. Ta zaro wani baƙin ƙyalle ta shimfiɗa a kan teburin aiki. "Ka yanka katako goma. In na shafa yatsa na ga fari, tsohon nan zai ci gaba da ɗumama benci."

"Ina jin ki fa," in ji Baba daga waje.

"Don ka ji na faɗa."

Dogo ya kunna injin. Ya yi gurnani, tiyon ya miƙe. Sai wani guntun katako ya toshe bakinsa. Kafin a ce kwabo, duron ya lotse ciki, ɓaf, kamar kumatun wanda ba shi da haƙori.

Mai Walda ya yi ta dariya har sai da ya dafa ƙofa.

"Dogo, guguwarka ta fara da cinye gidanta!"

Dogo ya kashe injin. Bai kalli kowa ba.

"Kawo min duron nan waje," in ji Baba. "Da guntayen katako biyu da zarton hannu."

Inna ta buɗe baki.

"A waje nake, uwargida. Dokarki ba ta kai bakin titi ba."

Ya auna cikin duron da tafin hannu, ya yanka, ya gitta katakan biyu, ya tokare bangon da su har ya koma daidai. Dogo ya tsaya yana kallon hannayen. Ba su manta komai ba.

"Abin da ba shi da haƙarƙari, iska ma raina shi take yi," in ji Baba. "Mayar."

Aka sake kunnawa. Wannan karon duron ya tsaya kyam, ana jin garin katako yana zagaya cikin kwanon, shuuu. Amma ta bayan injin wata siririyar ƙura tana fita. Dogo ya gan ta a cikin hasken taga. Ya san Inna ma ta gani.

Baba ya karkata kai.

"Kashe zarton. Bar mai zuƙar."

Aka yi tsit, sai gurnanin injin.

"Kun ji? Fito yake yi. Murfin bai zauna ba. Iska na shiga ta nan tana tayar da abin da ya riga ya kwanta."

Mai Walda ya ruga ya kawo tsohuwar robar cikin tayar keke. Suka tsaga ta, suka naɗe bakin duron, suka danne murfin. Fiton ya ɗauke.

Inna ta fita da ƙyallen ta kakkaɓe shi, ta dawo ta shimfiɗa.

"Daga farko. Goma."

Dogo ya shiga yanka. Baba yana ƙirgawa daga benci, da ƙarfi, har mai gyaran agogo na tsallaken titi ya fito kallo. A na goma zarton ya yi shiru.

Inna ta shafa yatsa a kan ƙyallen. Ta ɗaga shi wajen haske. Ta sake shafawa a wani gefen. Ta daɗe tana dubawa.

"Hmm."

"Mene ne kuma hmm?" in ji Baba. Ya riga ya miƙe tsaye.

"Awa biyu a rana. Da takunkumi a hanci."

"Uku."

"Biyu, ko benci."

Baba ya tsallaka ƙofar. Ya shafa teburin a hankali, daga wannan ƙarshen zuwa wancan. Sannan ya ɗauki wata kujera da Dogo yake haɗawa, ya juya ta, ya girgiza ƙafarta.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Kai."

"Ƙarya kake min. Wata uku ina kallon ka daga waje, shiru har ya sa min ciwon baki. Miƙo guduma."

Dogo ya juya ga bangon kayan aiki. Gudumar tana nan gabansa, amma ya daɗe yana neman ta, don kada a ga fuskarsa.

A waje, Mai Walda ya saɓa bencin a kafaɗa.

"Ina za ka kai shi?" in ji Inna.

"Shagona mana. Ai nan ya rasa mai zama."