Ɗakin da Aka Yi wa Glenys Alkawari

Gidan Glenys Pritchard gida ne marar bene a wani layi mai shiru a garin Abergele, layin da kusan kowa a cikinsa ya yi ritaya. Ɗakin kwana biyu ne, da falo, da kicin, da ɗan lambu ta baya. Ita da mijinta Emrys suka saye shi lokacin da gwiwoyinsa suka gaji da hawa bene. Ya rasu ya bar ta ita kaɗai, da shekara saba'in da 'yan kai, da ƙugu mai tashi duk lokacin da sanyi ya shigo.

Ana cikin haka mai gidan da 'yarta Nerys take haya ya ce zai sayar da gidansa. Nerys da mijinta Gethin, direban motar kaya, suka karaɗe gari ba su sami inda albashinsu zai iya ɗauka ba, ga yara biyu, Cadi da ƙanenta Osian. Wata Lahadi, bayan an ci naman rago da dankali, Gethin ya ɗauki sandar tsintsiya ya ƙwanƙwasa silin.

"Glenys, kin san gida guda ne a saman kanki yake zaman banza?"

"Ba abin da ke can sai itacen Kirsimeti da akwatunan Emrys. Sai gizo-gizo, su kuwa ba sa biyan haya."

Aka yi dariya, amma Gethin ba wasa yake ba. Ya ce za a buɗe cikin rufin a fitar da ɗaki uku, nasu da na yaran. Matsalar ɗaya ce: babu inda matakala za ta bi sai ta ɗakin kwanan Glenys. Don haka za a gina mata sabon ɗaki a baya, ya shiga cikin lambu, da banɗakinsa, da ƙofar gilashi mai kallon furanninta.

"Ba za ki ƙara kwana ke kaɗai ba, Mam," in ji Nerys. "In kin faɗi akwai mai ɗaga ki."

Wannan maganar ce ta shiga zuciyar Glenys. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, amma ta taɓa zamewa a kicin ta daɗe a ƙasa kafin ta iya miƙewa.

Aka kira mai zanen gini, aka nemi izini a ƙaramar hukuma. Kusan kowace yamma suna teburin kicin suna lissafi: kason sama daban, kason ɗakin baya daban, ga wani ɗan kaso na ko-ta-kwana. Glenys ta zuba duk abin da Emrys ya bari. Sauran sai banki, banki kuwa ya ce ba zai bayar ba sai sunan Nerys da Gethin ya shiga takardar gidan. Lauyar da ta rubuta takardar ta fitar da su waje, ta tambayi Glenys ita kaɗai ko ta fahimci abin da za ta sa wa hannu.

"'Yata ce fa," in ji Glenys, ta karɓi alƙalami.

Ƙawarta Mair ce kaɗai ta taɓe baki, suna wanke kofunan shayi bayan an tashi daga coci.

"Ban ce yaranki mugaye ba ne. Amma tun ran gini tun ran zane. Ki ce a fara naki ɗakin, ki shiga ki rufe ƙofa, sannan su hau sama su yi ta hawa."

"Ke dai ba kya ganin alheri a komai."

"Na binne miji biyu, Glenys. Alherin da na gani na gani."

Duk da haka Glenys ta tayar da maganar. Maginin da aka ba aikin, Hefin, mutumin kirki ne mai faɗin gaskiya, ya cire hularsa ya sosa kai. Ya ce rufi ba ya jiran kowa, dole a buɗe a rufe kafin ruwan Oktoba. Amma tunda motar haƙa tana nan, zai haƙa harsashin ɗakinta tun yanzu, da an gama sama a dawo a zuba kankare. Aka tone lambun a yini ɗaya. Furannin da Emrys ya dasa suka tafi cikin motar shara.

Da aka yaye rufin sai abubuwa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Katakon ciki sirara ne, ba za su ɗauki mutane ba, sai an sa manyan ƙarafa. Da injiniya ya zo duba inda ƙarafan za su zauna, ya ce bangon gefe harsashinsa bai yi zurfi ba, ƙasar wurin yashi ce, sai an tona an ƙarfafa shi. Kason ko-ta-kwana ya tafi a nan. Sannan aka gano fentin silin na irin dā ne, mai garin da ke kashe huhu, sai da aka kira mutane masu fararen kaya da abin rufe fuska suka kankare shi.

Kowane sabon labari, Gethin zai zauna a teburin ya dafe kai, sannan ya ɗago.

"Glenys, banɗakin nan naki. Ai akwai na gida. In mun cire shi yanzu, daga baya sai a ƙara."

"To, a cire."

Bayan mako biyu aka ce ƙofar gilashin ta yi tsada, taga ma ta isa. Daga nan aka ce a rage faɗin ɗakin. Ba wanda ya yi mata ƙarya, kuma ba abin da aka cire ba da yardarta ba. Ita ma tana ganin tamfol yana kaɗawa a saman gidan, tana jin ruwa yana ɗiga cikin bokiti. Wa zai ce a bar gida a buɗe saboda ƙofar gilashi?

Ran da aka fasa ɗakinta don matakala, ta tafi gidan Mair ta yini. Da ta dawo, inda gadonta yake shekara da shekaru ya zama hanya. Ɗan abin da ya rage na ɗakin injin wanki kawai ya iya shiga.

Sai kuma sama ta ƙi ba da ɗaki uku. Bayan an sa ƙarafan, tsayin gefe ɗaya ya ragu har mutum ba zai miƙe tsaye ba. Ɗaki biyu aka samu: na Nerys da Gethin, da na Cadi. Ƙaramin ɗakin ƙasa, inda Glenys take kwana tun da aka fasa nata, shi kaɗai ya rage, ga Osian ba shi da wuri, kuma ya girma da kwana ɗaki ɗaya da yayarsa.

Glenys da bakinta ta faɗa. Ta ga yadda Nerys ta rame, ta ce, "A ba yaro ɗakin, yana da karatu. Ni sai in kwana a falo kafin a gama nawa. Wata nawa ne?"

"Mam, a'a."

"Na ce a ba shi."

Nerys ta yi kuka, amma ba ta ƙara cewa a'a ba. Aka sayo doguwar kujera mai buɗewa ta zama gado.

A watan Disamba Hefin ya kwashe kayan aikinsa. Ya tsaya a ƙofar kicin yana kallon ramin lambu, wanda ya cika da ruwan sama har ganye na yawo a kai.

"Ki yi haƙuri, Misis Pritchard. Duk ran da suka shirya, waya ɗaya za su yi mini."

Gethin ya ce sai bazara. Da bazara ta zo banki ya ƙara kuɗin ruwa, wurin aikinsa kuma suka daina ba da aikin ƙarin lokaci. Ya ce sai baɗi.

Rayuwar falo kuwa sai wanda ya yi ta. Ba ta kwanciya sai an kashe talabijin, ba ta makara don masu fita aiki ta nan suke bi. Kowace safiya ta naɗe bargo ta tura bayan kujera, ta ninke gadon da ƙugunta mai ciwo, don ba ta son ƙawayen Cadi su shigo su ga shimfiɗar tsohuwa. Tufafinta suna cikin kabad a ɗakin Osian, sai ta ƙwanƙwasa kafin ta ɗauki rigarta. Magungunanta suna kan talabijin.

Cadi ce ta ce wa kakarta, "Nain, ki hau ɗakina mana, ni in sauko." Glenys ta gwada. Ta hau da ƙyar tana riƙe da ƙarfe, ta ga ɗakin, ya yi kyau, har teku ana hangowa ta tagar rufin. Saukowa ce ta gagara. A zaune ta sauko, mataki bayan mataki, Gethin yana ƙasa ya buɗe hannuwa kamar mai tarar jariri. Ba a sake maganar ba.

Sabon benen ba ya ɓoye murya. Wata Asabar da rana tana yanka albasa ta ji su a sama.

"Ina zan samo, Nerys? In yanka jikina in sayar?"

"Gidanta ne! Uwata ce take kwana a kujera kamar baƙuwa!"

"Gidanmu ne mu duka, kuma ni nake biyan banki. In kina da dabara ki faɗa."

Sai ƙarar ƙofa. Glenys ta gama yanka albasarta ta zuba a tukunya.

Ran Litinin ta hau bas ita kaɗai ta je ofishin gidajen tsofaffi. Ma'aikaciyar ta saurare ta da kyau, ta tambaye ta ko ba za ta sayar da kasonta na gidan ba, ta sayi ɗan wuri nata.

"In na sayar, jikokina su kwana ina?"

Aka sa sunanta a layi. Sai da wani tsoho ya rasu a wani gini a garin Rhyl sannan aka kira ta: ɗaki ɗaya a ƙasa, da ɗan kicin, da igiya a bango da ake ja don kiran taimako in mutum ya faɗi. Hayar tana cinye mafi yawan fanshonta. Tagar tana kallon wurin ajiye motoci.

Nerys ta yi fushi da ta ji, ta ce an mai da ita wadda ta kori uwarta, me mutanen coci za su ce. Glenys ta ce ita ce ta gaji da hayaniyar yara, haka kuma ta faɗa wa kowa. Mair ta ji wannan bayanin, ta dube ta, ta taimaka mata naɗe kwanuka a jarida.

Yanzu duk Lahadi tana hawa bas ta je cin abinci. Makullinta yana jaka, amma ƙararrawa take dannawa ta jira a buɗe. An cike ramin lambun an shuka ciyawa. An sayar da kujerar nan mai buɗewa, falon ya yi fili.

A wata Lahadin Nuwamba, ana tsakiyar ci, Gethin ya ce abubuwa sun fara sauƙi a wurin aiki. Ya ce izinin ginin baya bai mutu ba tukuna, tunda an riga an haƙa harsashi, kuma kicin ɗin nan ya yi wa mutum huɗu kaɗan, da za a ɗan tura shi cikin lambu...

Teburin ya girgiza, Nerys ta taka masa ƙafa. Cadi ta sunkuyar da kai cikin farantinta. Gethin ya yi ja har kunnuwa, ya ce shi dai magana ce kawai yake yi.

Glenys ta ajiye cokalinta ta goge baki. Ta ce naman ya yi daɗi. Sannan ta tambayi Osian ya duba mata a wayarsa ko bas ɗin ƙarfe huɗu yana nan, don duhu yana saurin yi yanzu, kuma ba ta son tsayuwa a tasha cikin ruwa.