Tulun Inna Amsa

A shekarun nan da buhun taki ya gagari talaka, ruwa kuma ya riƙa ɗaukewa gero bai gama nuna ba, Maijidda ta koma suyar ƙosai. Ƙauyensu na kusa da Tofa, inda gona ke jingine da gona. Maigidanta ya tafi cin rani, ya bar ta da yara da ƙanwarsa Huseina. Wake ana samu, man gyaɗa ana lallaɓawa, amma takardar ƙunshi ta zama aiki. Ba mai gini balle a sami takardar siminti, jarida kuwa sai birni.

Sai idonta ya faɗa kan adakarta.

Tun tana budurwa take tara littattafai a adakar nan, kuma duk ƙauyen an san ta da su. In mata sun taru ɓarar gyaɗa da hantsi, ita ba ta ɓara, karatu take yi musu, su ɓare mata nata kason. Kuma Maijidda ba ta karanta littafi ta yi shiru, sai ta yanke masa hukunci kamar alƙali. Da lokacin yage su ya zo, da wannan hukuncin ta jera su.

Na ban tsoro ta fara kamawa, ko ajiyar zuciya ba ta yi ba. Ta ce wanda ya leƙa rumbunsa ya hango ƙasa tun kafin bazara, wace fatalwa ce kuma za ta firgita shi? A ganinta rashin aikin yi ne mutum ya zauna ya ƙirƙiro wa bayin Allah dodo, alhali tsoron da ke gari ma ya ishe su. Sati uku mutanen ƙauyen suna cin ƙosai a cikin maƙabarta da mayu ba su sani ba.

Daga nan ta shiga na jarumai da matsafa, masu takobi mai magana da tsuntsun da ke ɗaukar mutum. Waɗannan kam ta ji zafinsu, domin ita da ba ta taɓa wuce Kano ba, su ne suka kai ta birnin da ke ƙarƙashin teku. Laifinsu ɗaya a wurinta, ba a noma a cikinsu. Jarumi zai yi tafiyar shekara bakwai, ba a faɗi inda ya ci tuwo ba, balle wanda ya nome masa gonarsa.

Na soyayya ta bari a baya. A baki ta fi kowa kushe su, ta ce daga kuka sai wasiƙa, daga wasiƙa sai mota da gidan bene. Amma kowanne sai da ta karanta shi sau uku, kuma matan ɓarar gyaɗa ba sa yarda a tashi sai an ji ko an ɗaura auren. Ta kan ce ƙarya ce, amma ƙarya ce mai maiƙo.

Can ƙasan adakar akwai ɗaya da bai shiga layi ba. Tsohon littafi ne irin na makarantun da, bangonsa ya daɗe da rabuwa da shi, takardunsa sun yi ja. Hausar cikinsa kamar tuwon dawa take, ba ta da ado amma tana riƙe ciki. Na mahaifinta ne, marigayi Malam Basiru, malamin ajin yaƙi da jahilci, kuma da shi ya koya mata karatu. A gefen wani shafi ya rubuta da fensir: "Yau Maijidda ta karanta wannan da kanta." Bai bar hoto ba, gonarsa an raba, rubutun hannunsa kuwa wannan layin ne kaɗai ya rage mata a duniya. Ta riga ta yanke cewa gara ta zuba wa mutane ƙosai a tafin hannu da ta taɓa shi.

Ana nan sai aka aiko gwaggonta ta rasu a Rimin Gado. Ta bar wa Huseina kasko da makullin adaka, ta tafi, ba ta dawo ba sai bayan sadakar uku.

Ko mayafi ba ta gama cirewa ba Huseina ta tare ta da fara'a.

"Yaya, kin ga na yi miki tattali. Masu kyan bangon nan ko ɗaya ban taɓa ba. Wani tsohon tsumma na tono a ƙasa, wanda ko bango ba shi da shi, da shi na yi ta ƙunshi."

Maijidda ta buɗe adakar. Ga 'yan matan bangon littattafan soyayya suna ta murmushi, littafin Malam kuwa sai zaren ɗinkinsa da shafi huɗu na farko. Ta zauna daɓas a ƙasa. Kukan da ta yi ta riƙewa a gidan makoki a nan ya ƙwace mata. Huseina ta tsaya sororo, da ta ji bayani sai ta ɗora hannu a ka.

"Wallahi Yaya, na zaci wanda ya fi tsufa shi ya fi rashin amfani. Ki yafe mini."

Me za a ce mata? Da buhu ne ko kwano, ai gaskiyarta ce.

Washegari da sassafe Maijidda ta zari mayafi ta nufi gindin durumi, inda maza ke zama su ci ƙosansu. Ta duba bayan danga, ta tona juji da kara, ta bi kwata har bakin gona. Ko ƙyallin takarda babu, sai awaki suna tuƙa suna kallonta. Ta tabbata a cikinsu littafin ya ƙare, ta ji kamar ta kama su da duka.

"Maijidda, me ya faɗi?"

Inna Amsa ce, tsohuwar da kakanninta suka zo daga Barno, mai share gindin durumin kullum ba wanda ya sa ta. Maijidda ta durƙusa ta gaishe ta, ta faɗa mata abin da ya faru.

Tsohuwar ta taɓe baki. "Takardun maiƙon nan? Biyo ni."

A bayan ɗakinta akwai wani tsohon tulu da ya tsage, an kife masa faifai. Ta ɗaga faifan. Tulun cike yake da takardu har wuya, an shafe kowace da hannu an ninke.

"Ni ban iya bokonku ba," in ji Inna Amsa. "Amma ina wurin ɓarar gyaɗa kina karantawa. Wannan ya ce in Allah ya yarda, wancan ya ce Allah ya ba ka nasara. Ashe da sunan Allah a ciki. To ni ina zan gane takardar da yake ciki da wadda ba ya ciki? Mazan nan su ci, su goge hannu, su yar a ƙasa a bi ta kai? Sai na riƙa tsince su duka. Da na ce in tulun ya cika in ƙone su a wuri mai tsabta. Saura kaɗan."

Suka shimfiɗa tabarma suka juye tulun, Huseina ma ta zo a guje ta durƙusa. Jajayen takardun su suka fara zubowa, domin su aka zuba a ƙarshe. Maijidda na ɗagawa tana duba gefen kowace. Har rana ta take ba ta ga shafin mai rubutun Malam ba. Sai ga wasu biyu da maiƙo ya manne su. Ta sa farce a hankali ta raba.

Man gyaɗa ya ratsa shafin har ana hango tabarma ta cikinsa, amma fensir bai goge ba. Ta karanta a fili, a hankali, yadda ta karanta ranar farko. Sannan ta kama hannun tsohuwar da hannu biyu.

"Inna, Allah ya saka miki da Aljanna. Kin mayar mini da Baba."

"Ke dai tashi," in ji Inna Amsa, tana janye hannunta. "Ni ba don ubanki na yi ba. Allah ya jiƙansa dai."

Shafi tara ba su dawo ba, awaki sun riga tsintsiya. Maijidda ba ta damu ba, ta san su da ka. Huseina ta ɗauko allura da zare ta ce ita ta yaga, ita za ta ɗinke. Suna cikin haka Inna Amsa ta turo ragowar tarin da hannu, na mayu da na takobi duk sun cakuɗe.

"Waɗannan fa? A ƙone?"

Maijidda ta ɗauki ɗaya daga na ban tsoron da ta fi tsana. Wata mata ce a ciki ta ga fatalwa, tana ta salati tana kiran sunan Allah layi bayan layi. Ta yi dariya da hawaye a fuskarta.

"A'a Inna, kin fi ni gaskiya. Wannan ma da sunan Allah a ciki, har ya fi na sauran yawa."

Ta ninke shi ta ajiye a gefen na Malam.