Babur Ba Ya Shiga Unguwar Tasha

Duk wanda ya ce maka Unguwar Tasha ba ta ginu ba, rabu da shi, baƙin ciki ke damun sa. Tana nan ba nisa da Ƙarfi, in ka sauka daga babban titin Malumfashi zuwa Funtua. Da ɓarayin daji suka hana mutane barci a gidajensu na cikin gona, sai ƙaramar hukuma da wata ƙungiya suka zo da dabara: a tattaro kowa wuri guda, a kafa tashar bas a tsakiya, a jera gidaje kewaye da ita. Ga rijiyar burtsatse, ga asibitin sha-ka-tafi, ga makaranta, ga 'yar kasuwa, duk tafiyar da tsohuwa za ta yi da sandarta ba ta tsaya hutawa ba. Aka shuka darbejiya a kowane lungu. Maguzawa suka zo da rumbunansu, Musulmi suka zo da nasu, aka haɗa katanga. Bas kuwa safe da yamma tana tasha, mai zuwa Funtua ya hau, mai zuwa Malumfashi ya hau.

Doka ɗaya aka kafa tun ranar farko, wai babur ba ya shiga. Da fari don yara ne da tsofaffi, a bar su su yi tafiyarsu a lungu ba mai bankaɗe su. Matasa suka yi ta guna-guni, suna ajiye baburansu a rumfar bakin titi suna ƙarasowa da ƙafa. To amma daga baya aka hana hawan babur a yankin gaba ɗaya, aka yanke layin waya, sai ya zama ba mai hawan babur sai mutanen daji. Dokar da aka yi don jin daɗi ta rikiɗe ta zama wata aba daban. Aka yi rami aka kewaye unguwar, aka dasa ƙaya, aka bar hanya ɗaya tak ta kan kwalbatin rafi. A tsamiyar da ke kan tudun bakin kwalbatin aka rataya wani tsohon ƙarfen ƙafar tirela. In aka ji babur, a buga shi: mata da yara su faɗa ɗaki, 'yan sintiri su buɗe wuta, tambaya sai daga baya.

Hansai Bamagujiya ce, mai daddawa, kuma a duk unguwar ba wanda ya kai ta son wurin nan. Matar da ta ƙare ƙuruciyarta tana ɗauko ruwa daga rafi, yau ga famfo a ƙofar gida! Tana zaune da farantinta a inuwar tasha, tana yi wa fasinjoji tsiya, duk wanda ya taɓa daddawarta bai saya ba sai ya ji sunan kakansa. Abu ɗaya ne ke cin ta, ba ta kuwa faɗa wa kowa: ɗanta na fari, Tanimu, ya tafi Zariya neman kuɗi tun kafin a aza tubalin unguwar, bai taɓa ganin ta ba. Da yake ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa, sai dai ta ce "wancan".

Ranar da abin ya faru, damina ta yi nisa, dawa ta fi mutum tsawo. Bas ɗin azahar ta iso daga Funtua, direbanta Aƙilu ya sauko bai ko kashe mota ba. Aƙilu da ba ya wucewa sai ya tsokani Hansai, yau fuskarsa ba walwala.

"Inna Hansai, zo gefe, magana gare ni."

"In daddawa kake so ga ta nan. In surutu ne je ka nemi sa'arka."

"Inna, na ga Tanimu a tashar Funtua."

Ta ci gaba da jera daddawa kamar ba ta ji ba, amma hannunta ya tsaya a kan guda ɗaya. "To? Ƙafarsa ce ta karye da bai hau motarka ba?"

"Babur ya saya, sabo fil. Ya ce a kansa zai shigo, ki gan shi da idonki."

"Ba ka faɗa masa ba?"

"Wallahi na faɗa masa! Na ce ya bar shi a Funtua ya hau bas, ko kwabo ba zan karɓa ba. Sai ya yi dariya, wai wa zai harbi ɗan Hansai a garin ubansa? Ya ce zai ratso ta cikin gonaki don kada a ƙwace masa babur a shingen titi. Bayan la'asar yana nan tafe."

Hansai ta dire daddawar da ke hannunta. Wawa! Wawan yaro, kan ubansa ya ɗauko, wanda in ya ce gabas ko da rami a gabansa sai ya faɗa. Garin ubansa? Wane garin ubansa? Yawancin samarin sintirin da ke riƙe da bindiga a cikin gonar dawar nan daga ƙauyukan wajen Dandume aka kwaso su, ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Kuma ko sun san shi, wa ke tsayawa duba fuska in ya ji babur? Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, ko ranar da suka gudo daga tsohon gida ba ta ji kamarsa ba.

Ta bar farantin nan a buɗe, ta bi lungun makaranta. Kusancin komai da take yabo kullum, yau shi ya ba ta haushi, don kafin ta gama shirya abin da za ta faɗa har ta iso ƙofar Mamuda, shugaban 'yan sintiri. Manomi ne, mutum mai sanyin magana, wanda aka kashe wa ƙane da 'ya'ya biyu a gona shekarar da aka taso. Ta same shi a zaure yana ɗura wa harba-ka-ruga albarushi.

"Malam Mamuda, wajenka na zo."

"Lafiya, Gwaggo? Kin bar kasuwa?"

Ta durƙusa. Hansai da ba ta durƙusa wa dagaci! Ta kwashe labari ta faɗa masa, tana ta "wancan", "wancan", har Mamuda ya ce, "Wane ne wancan ɗin?" Sai ta runtse ido ta ce, "Tanimu. Ɗana Tanimu."

Mamuda ya jingine bindigar a bango.

"Gwaggo, kin san abin da kike roƙo? In na ce wa yara su tsaya su duba, to na koya musu tsayawa ke nan. Mutanen nan kafin ka ƙifta ido sun haye kwalbati. Dubi lungunan nan, ba ƙofa ba shinge, daga kwalbati zuwa makaranta tafiyar nawa ce? Jikokinki ma suna ciki."

"Ban ce ka buɗe wa kowa ba. Shi kaɗai."

"Ta yaya za su san shi ne? Ni kaina in na gan shi yau ba lalle in gane shi ba."

"Ni zan gane shi. Tun yana yaro ya faɗo daga ɗorawa, kafaɗarsa ta hagu ta sauka. Ko a cikin mutum dubu, ko ta baya, na san zamansa."

"In fa ba shi ba ne?"

"Na rantse da aradu, in ba shi ba ne da hannuna zan buga ƙarfen."

Duk wanda ya zauna da Maguzawa ya san ba sa wasa da wannan rantsuwa. Mamuda ya dube ta, ya dubi bindigarsa, ya yi ajiyar zuciya.

"To ji nan. Ke za ki tsaya a tsamiya, zan janye mai gadin ƙarfen. Daga tudun nan kina hango hanya tun daga kwana. In shi ne, shi kaɗai, ki cire ɗankwalinki ki ɗaga, ba mai taɓa kunamar bindiga. In kin ga wani abu daban, ko mene ne, ki buga. Yara ba za su ga hanya ba daga cikin dawa, sai dai tudun, ke ce idonsu. Gwaggo, unguwar nan kaf na sa a hannunki, Allah ya sa ban yi wauta ba."

"Ba ka yi ba," in ji ta. Ta miƙe ta fita.

Aka yi la'asar. Hansai tana tsaye gindin tsamiya, guntun rodi a hannun dama, hannun hagu a kan ɗankwali. Hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta ɗauke cak, ganyen dawa ko motsi. Ta san samari na kwance dama da hagu a cikin gonar, amma ko tarin ɗayansu ba ta ji.

In ta waiwaya, unguwar ce shimfiɗe a ƙasanta, kuma ba ta taɓa yi mata kyau kamar yau ba. 'Yan mata sun yi layi a famfo suna faɗa a kan bokiti. Yaran Islamiyya sun taso, sun cika lungu da ihu, wasu na langa a tsakiyar hanya tun da ba abin da zai kaɗe su. Tsofaffi na zaune a kan benci ƙarƙashin darbejiya. Bas ɗin yamma tana lodi a tasha, wani na ta fama da akuya a ƙofa. Hansai na jin lugude daga gidan maƙwabciyarta. Kowa na waje, kowa da ƙafarsa, ba wanda ya san an janye mai gadi.

Ta shiga yi wa Tanimu faɗa a zuci. Bari ya iso, sai ta ja kunnen nan nasa a gaban jama'a, da gemunsa da komai. Babur! Wa ya ce masa babur take so? Ta ce ya kawo mata kansa ne kawai. Sai kuma ta tuna ba ta jiƙa dawar tuwo ba, kuma yana son miyar kuka da daddawa ta ji sosai. Ta kusa yin murmushi.

Sai ta ji shi. Can nesa, siriri, kamar sauro a kunne.

Ta kama bakin ɗankwali. Ƙarar tana matsowa, tana kauri, tana kauri fiye da yadda ya kamata. Hansai ta karkata kai ta kasa kunne. Babur ɗaya ba ya irin wannan gurnani. Ta ce wa kanta tsufa ne, kunne ne ke yi mata gizo, ko kuwa tsawa ce daga hadarin.

Na farko ya karyo kwana. Ja ne, sabo, yana ƙyalli. Mai tuƙin ba hula, kafaɗarsa ta hagu a sauke. Shi ne, wallahi shi ne, ya yi ƙiba, ya tara gemu! Har ta zame ɗankwalin daga kanta.

Sannan ta ga akwai mutum a bayansa, fuska naɗe da rawani, bakin bindiga a dafe da wuyan Tanimu. Wani babur ya karyo kwana. Wani ya biyo shi. Wani kuma, kowanne da mutum uku-uku. Mutanen daji sun tare shi a cikin gonaki ke nan, suka sa shi gaba ya nuna hanya, ya kuma zama garkuwa.

Wayyo Allah, Hansai! Ɗankwali a hannu ɗaya, rodi a ɗaya. In ta buga, bindigogin da ke cikin dawa na gaba za su fara samu, haka aka koya musu. In ta ɗaga, zai haye kwalbati da ransa, su ma su haye. A bayanta wata yarinya ta ƙyalƙyale da dariya a bakin famfo.

Suka matso har tana ganin idonsa. Ya gan ta, ta tabbata ya gan ta, don babur ɗin ya ɗan yi tangal-tangal. Ya ga tsamiya, ya ga ƙarfen da ke rataye, ya ga abin da ke hannunta, kuma Aƙilu ya riga ya faɗa masa amfanin ƙarfen. Ta jira ya kira ta. Da ya ce "Inna" sau ɗaya, da ta ɗaga ɗankwalin nan, unguwa ta ƙone ƙurmus, ita ba ruwanta.

Bai kira ba. Ya kawar da kansa gefe kamar bai taɓa ganin tsohuwar nan ba, don kada na bayansa ya gane uwarsa ce. Ya sassauta gudu, ya miƙe zaune sosai a kan babur ɗin, ya doshi kwalbati a hankali yana ba ta lokaci.

Hansai ta saki ɗankwalin ya faɗi ƙasa. Ta kama rodin da hannu biyu ta maka wa ƙarfen, ta sake makawa. Dawa ta amsa dama da hagu. A ƙasa ihu ya tashi, ƙofofi suka shiga rufuwa, iyaye mata na fizgar yara daga lungu. Ba ta juya ta dubi kwalbati ba. Ta yi ta bugawa, tana bugawa, har bayan harbi ya lafa, har sauran baburan suka juya suka nausa daji, har ruwa ya sauko. Sai da Mamuda ya hawo tudun da kansa ya riƙe hannuwanta, ya ɓamɓare yatsunta daga rodin ɗaya bayan ɗaya.

"Gwaggo, ya isa. Ba su shiga ba. Ko mutum ɗaya bai shiga ba."

Ta dube shi, ruwa na zuba a kan furfurarta.

"Shi fa?"

Mamuda ya sunkuyar da kai.

"To ku ɗauko min shi," in ji Hansai. "Ku shigo da shi ta tasha, ku bi da shi ta lungun famfo. Bai taɓa ganin unguwar ba."