Sabuwar Ƙota

Gemunsa ya fara furfura, 'yarsa ta fari ma ta shiga jami'a, amma a gidansu har gobe Auta ake ce masa. Direban motar wata makaranta ne, sai dai in ka tambaye shi abin da yake yi ba zai kawo maganar mota ba. Jan ka zai yi zuwa ɗan ɗakin da ke bayan gidansa, ya buɗe ƙofa yana kallon fuskarka. Tsofaffin kayan aikin hannu ne jere a bango: zartuna, gudumomi, filaya, awartaki, almakashin yankan kwano. A wurin 'yan gwangwan yake tsinto su sun yi jajir da tsatsa, ya jiƙa su a kananzir, ya kankare da burushin ƙarfe, ya bi da samfefa, ya shafa mai. Ba ya sayarwa, ba ya aiki da su. Shi dai Auta bai iya ganin tsatsa ya ɗauke kai ba.

Mahaifinsu kafinta ne, kuma tsufa ya cinye masa tunani. Yana zaune a gidan babbar 'yarsa, wadda kowa ke kira Yaya. Da farko hanyar banɗaki ya manta, daga baya ya manta matarsa ta rasu, a ƙarshe ya manta fuskokin 'ya'yansa. In Auta ya durƙusa ya gaishe shi, sai ya amsa da ladabin da ake yi wa baƙo, ya ce, "Sannu, bawan Allah." Wannan kalmar tana yi wa Auta ciwo fiye da zagi.

Abu ɗaya ne ya rage, wato tsohuwar gudumarsa. Ƙotarta ta yi baƙi da gumi, ta tsage, Baba ya ɗaure tsagar da waya tun yana da ƙarfinsa. Da zarar an sa masa ita a hannu, yatsunsa za su zagaya su zauna inda suka saba, sai ya ɗago kai idonsa ya washe.

"Auta? Yaushe ka zo? Ya yaran?"

Ba ya daɗewa. Kafin shayin da Yaya ta zuba ya huce, ya sake nisa. Amma saboda wannan ɗan lokacin Auta ke ratsa gari duk ƙarshen mako.

Wata rana ya iske Yaya tana naɗe wa Baba tafin hannu da bandeji. Bakin wayar ne ya miƙe ya yanke shi.

"Kai da kake gyara kayan mutanen da ba ka taɓa gani ba," in ji ta, "ga na ubanka nan yana yanka shi. Ko sai na kai wa ɗan gwangwan ka saya sannan za ka duba?"

"Haba Yaya. Kawo, aikin minti nawa ne."

Gaskiya ya faɗa, aiki ne ƙarami. A warware wayar, a ɗura gam a tsagar, a matse, shi ke nan. Auta ya san haka sarai. Amma da ya ɗora gudumar a teburinsa, hasken taga ya sauka a kanta, sai idonsa ya fara ƙirga laifuffuka. Kan ƙarfen yana ɗan girgiza. Tsatsa ta ci wuyansa. Ƙotar ta lotsa nan, ta sirance can, ba ta miƙe ba ko kaɗan. Sai ya ji kunya ta kama shi: a ce ga bangonsa cike da kayan baƙi suna walƙiya, na mahaifinsa kuma a haka? Ya ce a ransa ai Baba ya fi kowa cancantar aiki mai kyau. Da wannan kyakkyawar niyyar ya ɗauko zarto ya yanke ƙotar daga wuya, ya buge guntun da ya saura a cikin ƙarfen, ya jefa tsohon icen cikin tarin guntayen katako da ke bakin ƙofa.

Bai taɓa yin aiki da zuciya ɗaya kamar wannan ba. Ya zaɓi icen da ya daɗe yana ɓoyo, ya fere shi, ya goge har ya yi santsi, ya kafa shi daram. Ƙarfen kuwa sai da ya ga gemunsa a ciki sannan ya bar shi. Ya naɗe ta a sabon tawul, ya hau mota yana murmushi shi kaɗai.

Baba na zaune a kujerarsa kusa da taga. Auta ya warware tawul ɗin ya ɗora masa gudumar a hannu. Yatsun suka zagaya. Suka gangara ƙasa, suka hau sama, suna neman wani abu. Babban yatsan ya yi ta shafa wuri guda yana zamewa. Can Baba ya miƙo ta da hannu biyu.

"Kaya mai kyau," ya ce. "Amma ba na saye yanzu, bawan Allah. Na bar aiki."

Yaya ta kalli ƙaninta. Da faɗa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Bai tsaya shan shayi ba. Ya koma gida a guje, ya tarar bakin ƙofar ɗakin fes. Maƙwabciyarsa mai dafa abincin sayarwa ce ke kwashe guntayen katakon ta hura wuta, shi da kansa ya ba ta izini tuntuni. Ya je ya tsaya a bakin murhunta yana tambaya, ita kuma tana ba shi haƙuri ba tare da ta san laifin da ta yi ba. Toka ce kawai a wurin.

To, ai shi gwani ne, in ji shi. Abin da hannu ya lotsa, wuƙa ma za ta iya lotsawa. Ya zauna da gudumar da wuƙar fira, ya rufe ido don ya tuno tsohuwar ƙotar. A nan ne aikin ya cije. Ya tuna ta lotsa, amma a ina? Kusa da wuya ko can ƙasa? Zurfin yaya? Ya riƙe ta a hannunsa, ya juya ta a hasken taga, amma bai kalle ta don ya san ta ba, ya kalle ta ne don ya ga abin da zai cire. Shekarun aikin mahaifinsa ne suka sassaƙa wannan icen a hankali, shi kuma ya ɗauke su a matsayin lalacewa. Duk da haka ya fere inda yake zato, ya shafa baƙin mai don icen ya yi duhu, har waya ya naɗa, ya lanƙwashe bakinta ciki. Da ya gama, ko shi bai yarda da ita ba.

Ya koma gidan Yaya. Wannan karon Yaya ce ta karɓa ta sa wa Baba a hannu, tana magana a hankali kamar mai lallashin yaro ya sha magani.

"Baba, ga gudumarka ta dawo."

Yatsun ba su ma wahalar da kansu ba. Sau ɗaya suka zagaya suka saki.

"Ba tawa ba ce."

"Taka ce, Baba. Gyara ta aka yi. Auta ne ya gyara maka."

Tsohon ya ɗago. Sunan ya taɓa wani abu a cikinsa, har Auta ya matso a kan gwiwoyinsa. Idon Baba ya bi ta kan fuskarsa ya wuce zuwa ga Yaya.

"A'a," ya ce, yana girgiza kai, har da ɗan fushi. "Kada ki yi wa yaron nan ƙarya. Auta ba zai yi haka ba. Ya san hannuna."

Ya ture gudumar daga cinyarsa, Auta ya tare ta kafin ta kai ƙasa. Baba ya juya ga taga, hannunsa a buɗe a kan gwiwa.

"In kin gan shi ki ce ya zo," ya ce. "Ya daɗe bai leƙo ni ba."