Gahawar Mambila a Fasasshiyar Tukunya

Ni Lubabatu ba na sayar da abin da ban yarda da shi ba, kowa a Gummi ya san haka. Shi ya sa da na fara ƙulla garin gahawa da citta da kanumfari, ban yi wata-wata ba na buga sunan mahaifina a jikin leda: Gahawar Gidan Malam Wali, Daga Tsaunin Mambila. Malam da kansa yake zuba wa baƙinsa bayan karatun hantsi, yana gaya musu inda ta fito.

Ɗanjuma ne mai kawo min garin daga Anka. Mutum ne mai zaƙin baki, in yana ba ka labarin Mambila sai ka ji sanyi ya kama ka.

Asma ce ta ɓata min rai. Tana da kanti a Gusau, tana son ta riƙa ɗaukar kayana. Ta juya ledar, ta ce, "Wa ya noma ta? Wa ya soya? Kin taɓa ganin ƙwayar?" Na ce mata tambayar ta yi yawa. Amma da ta tafi, maganar ta tsaya min a rai, domin ban taɓa ganin ƙwayar ba, gari kawai nake karɓa.

Na kira Ɗanjuma. Ya ce wajen wani mutum a Nasarawa Burkullu yake saye, shi kuma direban babbar mota ke sauke masa. Na tambayi sunan direban, sai ya turo min bidiyon koren tsauni da hazo. Tsauni dai ba ya shiga buhu, balle in auna shi.

Inna tana jinmu. Ita ba ta san Mambila ba, amma shekara hamsin tana ajiye iri. Ta ɗauko rariya ta tankaɗe buhun nan kaf. A cikin rariyar aka sami 'yan ƙwayoyi ƙanana masu faɗi, kusan goma, waɗanda suka tsere wa injin niƙa, wasu ma wuta ba ta taɓa su ba.

"Ki bar wahal da katin waya," in ji ta. "Mu shuka wanga abu, shi hwaɗa muna sunanai da kainai."

Ta binne su a fasasshiyar tukunya bayan madafa. Damina ce, cikin kwana shida guda uku suka tsiro. Na riƙa zuba musu ruwa ina alfahari, har ina cewa ni ce zan fara noman gahawa a bakin Gulbin Zamfara. Da suka yi mako uku, akuyarmu ta zo. Akuyar nan ta taɓa cinye min gefen mayafi. Ta sunsuna tsiron sau ɗaya, ta yi atishawa, ta juya abinta.

Inna ta tsinki ganye ta murza, ta kai min hanci. Warin nan na san shi tun ina yarinya, shi ne ke cika bakin juji da gefen hanya.

"Rai-ɗore ne, ɗiyata," ta ce. "Ga Mambilarki nan."

Ɗanjuma bai yi dogon musu ba da na ajiye masa tukunyar a gabansa. Ya ce 'ya'yan rai-ɗore ake soyawa a niƙa, a ɗan barbaɗa gahawar gwangwani don ƙamshi, kuma ai mutane suna sha suna yabawa. Na ce masa ba yabo na buga a leda ba, sunan ubana na buga.

Sai abin da nake tsoro. Na sami Malam a zaure, na durƙusa na faɗa masa komai. Kunya ta rufe ni. Bai yi faɗa ba.

"Wa yac ce miki daga Mambila take?"

"Ɗanjuma, Baba."

"Shi wa yag gaya mai?"

"Wani mutum. Shi kuma wani direba."

"Kin san direban?"

Na ce a'a. Mutumin da ba ya karantar da hadisi sai ya jero waɗanda suka ruwaito shi ɗaya bayan ɗaya, shi na bai wa maganar da ba ta da uba ya yi ta rabawa.

"Aminina Malam Kamaluddeen na hwaɗa ma haka da bakina, ya ko ɗauki leda biyu ya kai ma surukinai," ya ce. "Miƙo min takalmina."

Na ce ya bari ni zan je, gwiwarsa ba ta kai shi ko masallacin Juma'a sai a mashin. Ya ce ni in ji da waɗanda na sayar wa, shi zai ji da waɗanda ya faɗa wa.

Ya dogara sandarsa ya fita cikin taɓon lungu, yana tafiya yana hutawa. Na ɗauki tukunyar nan a ka, na bi bayansa, na fara da gidan farko cikin waɗanda na sayar wa.